Yadda Kawuna Ya Zama Gama-gari

Har yau idan na ji mutum ya ce ai wasa ne, sai raina ya ɓaci. Zai yi maka ɗanyen aiki, ya tsaya gabanka yana washe baki, ya ce ai wasa ne, kamar kalmar nan sabulu ce mai wanke laifi. Na fara tsanar maganar nan a wani ɗaki a Barnawa, a shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da ni da wani abokina muke riƙe da gidan gem, inda yara ke biya su buga wasan kwamfuta.

Garin a lokacin ya cika da fastoci. Duk bangon da ka duba fuskar wani ce a manne, yana murmushi, yana neman kansila ko ciyaman. Wayar hannu ta shigo, kafe na intanet sun fara buɗewa, mu kuma da muka gama makaranta muna ta zaga ofisoshi da takardu a hammata. Da muka gaji, ni da abokin nan nawa, ɗan Makera da muka yi sakandare tare, muka sayi tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo da ƙaramin janareta. Ɗaki ne ya gagara. Tashin hankalin da aka yi ya riga ya raba garin, kowa ya tattara ya koma cikin masu kama da shi, kuma ba kowa zai ba ɗan Tudun Wada irina haya a Barnawa ba. Kawuna ne ya samo mana, da baki kawai. Ya ce wa matar da yake hayar shago a wurinta ni ɗan ƙanwarsa ne, washegari ta ba mu mukullin wani ɗaki a ɗaya gidanta, layi kaɗan daga shagonsa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma tela ne. Ya yi aiki a masaƙa, da ya ga abin ya fara tangal-tangal sai ya fita da wuri ya buɗe shago a Barnawa. Dogo ne siriri, da ɗan farin gemu, tef a wuya kamar da shi aka haife shi. Kullum da safe zai taso daga Tudun Wada ya ƙetare gadar kogin da ya ratsa garin, rabin hanyar a ƙasa, don ya ce bas tana sa mutum ya tsufa. Ko lokacin da mutane suka daina ƙetarewa shi bai daina ba. Matan coci shi suke kai wa ankonsu, ma'aikatan gwamnati shi ke ɗinka musu kaftani da safari, kowa Baba tela yake ce masa. Mai gidan nan, wata dattijuwa 'yar kudancin jihar da duk unguwa ke kira Mama, ta taɓa tsayawa a ƙofar shagonsa ta hana a taɓa ko allura. Ba shi da mota, gidan da yake ciki ma na gado ne. Abin da ya tara a duniya shi ne hanyar nan. Daga ƙofar gidansa har ƙofar shagonsa gaisuwa ce, masu kanti su miƙe, 'yan acaɓa su rage gudu su ɗaga hannu. Yana ji da wannan, ko da yake ba ya faɗa.

A gidan gem ɗinmu wasan da ya fi kasuwa wani ne na birnin Turawa, wanda ake sayar da kwafinsa a faifai. Kana yawo a gari, ka ƙwace motar da ka ga dama, ka daki wanda ka ga dama. Ni buga shi bai dame ni ba. Abin da ya ja ni shi ne cikinsa, yadda wani ke son kwance rediyo ya ga wayoyi. Ina zuwa kafe in karanta yadda ake buɗe fayilolinsa, in dawo in gwada, in lalata, in sake saka wasan daga farko.

A nan na gane cewa mutanen da ke cika titunan wasan ba ɗaya bayan ɗaya aka yi su ba. Samfuri ake zanawa, mutum guda, a ajiye shi a fayil, wasan ya riƙa buga kwafinsa yana zubawa a titi. Samfurin kuma iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗaure wa unguwa guda, ba ya fita daga cikinta, kuma kana iya rubuta masa nasa halin: inda zai tsaya, abin da zai yi, ko duka na kama shi ko ba ya kama shi. Akwai kuma na ko'ina, wanda wasan ke ɗaukowa ya cike duk gurbin da babu kowa. Idan ka shiga wuri, wasan ya fara duba ko akwai na wurin, in babu sai ya koma kan na ko'ina. Shi wannan ba shi da halin kansa, abin da wurin ya ce shi yake yi. A ƙofar mashaya ya yi tangaɗi, a lungu ya tsaya ya yi fitsari a bango, in an ɗaga masa hannu ya ruga yana ihu yana ashar da Turanci. In an take shi ya mutu, wani irinsa ya ɓullo daga kwana. Ko ka sauya masa fuska da riga, muryar da abin da yake yi suna nan yadda suke. Don sauƙin magana muka raɗa musu suna, ni da abokina. Na farko ɗan unguwa, na biyu gama-gari.

Sai na ƙudura zan mayar da wani lungu na birnin ya zama Barnawa. Na sauya allunan shaguna, na rubuta na mai shayi da na mai faci, na yi wa wani shago allon tela. Shago kuwa ba ya kyau babu mai shi. Na ari kyamara a kafe na je na sami Kawu yana yanka yadi. Ya ce shi da girmansa me zai yi a cikin akwati. Na yi masa bayani da yarensa, na ce samfuri biyu ne, ɗaya kamar yunifom ɗin makaranta da ake ɗinkawa da yawa kowa ya zura, ɗaya kuma ɗinkin awo na mutum guda, kuma shi na awo zan yi masa. Ya ajiye almakashi ya dube ni.

"A ƙofar shagona kawai zan tsaya?"

"Nan kawai, Kawu. Ko taku ɗaya ba za ka ƙara ba."

Ya ce to in dawo gobe, yau kaftaninsa ya yamutse. Washegari ya sha guga cikin shuɗin kaftani, ya gyara hula, ya tsaya ƙiƙam na ɗauke shi gaba da baya. Masu cewa da ban ɗauki hoton ba da ba a yi ba, sun daɗe suna faɗa, ni kuma na daɗe da daina amsa musu. Abin da na gaya masa shi na yi.

Na sha wahalar aikin. Na ɗora fuskar, na daidaita rigar, na rubuta masa dokarsa: mota ba ta bugunsa, naushi ba ya kama shi, idan ka matso ya ɗaga hannun dama ya gaishe ka. Da na gama na kira shi ya gani. Ya sunkuya gaban sikirin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wane shashashan tela ne ya sa aljihun ƙirji a dama. Hoton ne ya juye mini ban lura ba. Na gyara, ya sake dubawa ya ce yanzu an yi aiki. Da yamma ya gaya wa mahaifiyata cewa ɗanta ya sa shi a kwamfuta, yana faɗa kamar ƙorafi, amma ita ta san yayanta.

Kwastomominmu na farko 'yan makaranta ne da samarin unguwa. Da siyasa ta yi zafi sai wasu suka maye wurin, 'yan bangar da 'yan takara ke kwasa a bas zuwa taro. In an sallame su sai su zubo mana, riguna masu hoton uban gidansu, ido jajir, baki na warin abin da suka sha. Su tofa yawu a ƙasa, su shafa majina a ƙasan tebur, su bar kibod yana danƙo. Ni ke sharewa, kuma sau da yawa sai na fita na shaƙi iska kafin in iya cin abinci. Abokina kuwa ya same su kamar 'yan uwansa na jini. Su kira shi injiniya, shi kuma ya fasa kai yana tafa hannu da su.

Su ne suka gano Kawu a lungunsa. Suka auna shi da mota, motar ta wuce ta cikinsa. Suka kai masa duka, suka harbe shi, yana tsaye yana ɗaga musu hannu. Wani ya ce tsohon nan ya sha maganin ƙarfe, aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don a lokacin abin ya ba ni dariya. Amma su abin ya tsaya musu a rai. Mutum ya zauna ya ƙare lokacinsa kaf yana neman yadda zai kayar da dattijon da ke gaishe shi. Suka fara yi wa abokina naci, wai a cire wa tsoho layarsa, wai kuma sun gaji da dukan Turawa, suna son mutanen gida. Na ce masa kada ya kuskura ya taɓa mini fayil. Ya ce haba, kamar ban san shi ba.

Aka yi mana rasuwa a Zariya, na tafi na yi kwanaki. Ranar da na dawo, tun daga bakin layi nake jin ihu da shewa daga ɗakinmu. Na shiga na tarar an cika, wasu a tsaye bayan kujeru. Na leƙa sikirin na farko sai na ga Kawu yana tsallaka titi. Bayansa wani Kawun ne, a ɗaya hannun ga wasu uku suna tafe. Duk birnin shuɗin kaftani ne da farin gemu. Ga shi a ƙofar mashaya da kwalba yana tangaɗi. Ga shi a lungu ya juya baya yana fitsari a tsaye. Ga shi ya jingina da bango kusa da matan banza. Mai bugawa ya hau gefen titi da mota ya bi ta kansu, suna tashi sama suna faɗowa, jini na malala. Ɗaya ya ruga hannu a sama, bakin kawuna yana zuba ashar da muryar wani ƙaton Bature. Wani mai bugawa ya sauko daga motarsa ya bi shi da sanda yana duka yana cewa yau ina layar. Ban san lokacin da na fisge wayar wuta daga bango ba. Na fita waje na tsuguna bakin kwata.

Abin da abokina ya yi ba wani aikin ƙwaƙwalwa ba ne. Hoton Kawu ya ɗauka ya liƙa a gurbin gama-gari, aikin da bai kai shan shayi ba. Da na ja shi bayan ɗaki, ko kunya babu a idonsa. Ya ce kwastomomi suka nema, kuma Bahaushe ɗaya ne muke da shi a shirye, shi ina zai iya zana wani. Ya ce tun da aka sa abin ɗakin bai taɓa zama wayam ba. Daga nan sai ya kawo hujjar da yake ganin ta wanke shi.

"Ni fa ban taɓa naka ba. Je ka duba, yana nan a ƙofar shagonsa yana gaisuwa. Sauran ai wasa ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni ƙyama. Ɗan unguwa yana nan a lungunsa ba abin da ya same shi, tunda a nan dokarsa ce a gaba. Da ka fita lungun, ko'ina kawuna ne abin takawa. Na ce masa mutumin nan shi ya samo mana ɗakin da kake tsaye a bayansa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai Baba ba ya buga gem, ina zai gani. Sannan, kamar wanda ya tuna abin alheri, ya ce ya buga wa wasu abokansa masu gidajen gem a faifai, har suna yaba mana.

A ranar na goge shi daga kwamfutocinmu, 'yan bangar suna zagina. Sannan na shiga bin gidajen gem, Nasarawa, Kakuri, Makera, har Tudun Wada bayan layinmu. Ko'ina na tarar da shi. Na roƙi wasu, na yi wa wasu faɗa, na ce kawuna ne, mutum ne mai rai da iyali. Wani ya ce in tsohon na gaske ne ma ai abin ya fi daɗi. Wani ya yi mini alkawari, ina juya baya na ji an ci gaba. Wanda ya ba ni faifansa na karya a gabansa, dariya ya yi, ya buɗe durowa ya nuna mini wasu. A jikin kowane an rubuta suna da maka: Gama-gari. Kalmar da muka ɗauko don aikinmu ta fita ta zama sunan kawuna.

Ban gaya masa ba. Ina ta fatan abin ya wuce kamar yadda yayi ke wucewa. Sai wata rana da yamma mahaifiyata ta tare ni tana murna, ta ce in ji abin arziki, Yaya ya yi sabon suna a gari. Ya gaya mata samari na kiransa Gama-gari a hanya, tun daga bakin gada har Barnawa, har waɗanda bai sani ba. Shi a ganinsa ɗinkinsa ake nufi, wai ya gama gari. Ya ce mata shekara da shekaru yana taka keke, sai yanzu da tsufa yaran zamani suka san da shi. Ta ce duk wanda ya kira, sai ya tsaya ya ɗaga masa hannu. Na zauna da kwanon tuwo a gabana na kasa kai loma. Hannun da yake ɗaga musu shi suke jira, don su ga ko zai yi kamar na cikin wasan, sannan su bushe da dariya bayan ya wuce.

Ina neman bakin da zan faɗa masa, abin ya riga ni. Wata safiya ina shara sai ga shi a ƙofa, gefen kaftaninsa duk baƙin ruwan kwata, hula a hannu, gwiwar hannunsa ta kuje. Wani ɗan acaɓa ne ya auno shi da gangan bayan ya sauko daga gada, yana ihun sunan, ya kauce a ƙurarren lokaci. Kawu ya ja da baya ya faɗa kwata. Samarin da ke zaune a wurin ba wanda ya miƙa masa hannu. Ɗaya ya ce a bar shi, wani zai fito daga kwana. Wata mai ƙosai ce ta ɗaga shi, ita ce kuma ta gaya masa abin da 'ya'yanta suka gaya mata.

Na kawo masa kujera da ruwa ya ƙi karɓa. Ya ce in nuna masa. Na ce na goge, babu shi a nan. Ya juya ya dubi abokina da ke raɓe a bango, shi kuma ya zaro faifai daga jakarsa. Ashe duk kwanakin nan yana ɗauke da shi. Na ce Kawu don Allah ka bari. Ya ce, "Ka nuna mini." Bai ɗaga murya ba, ban kuma taɓa yi masa musu ba.

Na saka. Ban taɓa kowa a wasan ba, tafiya kawai na yi a titi, amma wasan ba ya buƙatar taimakona. Ga mai kwalbar, ga mai fitsarin. Wata mota ta kwashe ɗaya da kanta, ya faɗi yana ashar. Kawu na tsaye bayana, ina jin warin kwatar da ke jikinsa da numfashinsa. Ya tambaya duk waɗannan shi ne, na ce hotonsa ne. Ya ce ina wanda na nuna masa ran nan. Na kai shi lungun, ga shi nan tsaf a ƙofar shago, ya ɗaga mana hannu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Shi wannan ba a taɓa shi?"

"Ba a iya taɓa shi, Kawu. Muddin yana unguwarsa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in cire duka, har da shi. Na ce na nan zan cire yanzu, amma na waje sun fi ƙarfina, na bi na kasa. Ya tambaya har Tudun Wada, na ce har can. Abokina ya zube a ƙasa yana Baba a yi haƙuri, wallahi wasa ne, ba da wata manufa ba. Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya sa hularsa a kan jiƙaƙƙen kaftanin ya fita, kuma maimakon ya nufi shago sai ya tari bas ya koma gida.

A makon muka raba kwamfutoci ni da abokina. Bai fahimci dalili ba har muka rabu, yana ta gaya wa mutane na cika zafin kai, na rushe sana'a saboda hoto. Daga baya na ji ya bi wani ɗan siyasa yana buga masa fastoci, kuma na ga aikin ya dace da shi. Mun haɗu a wurin ɗaurin aure bayan shekaru, ya miƙo hannu yana dariya yana tuna mini lokacin gem. Na ba shi hannun don idon jama'a, na je na wanke.

Kawu bai koma Barnawa washegari ba, bai koma mako mai zuwa ba. A layinmu ba wanda ya isa ya kira shi da sunan, don dattawan masallaci sun ja kunnen kowa, amma da ya kai bakin titi sai ya juyo. Mahaifiyata ta yi magana, matarsa ta yi, ya ce yana hutawa. Kayan mutane na shago, sai ya riƙa aikena ina kwasowa yana ƙarasawa da keken ɗinkin maƙwabci, ina mayarwa. Rannan ya kira ni ya miƙo mini mukulli, ya ce in samo mota in ɗauko masa kekensa da teburin yanka, in ba Mama mukullinta.

Na sami Mama tana tsintar wake a baranda. Da ta ga mukullin ta ture tiren gefe ta miƙe.

"Wane irin magana ne wannan? Baba tela zai tashi? Mun yi masa laifi ne, abi?"

Na ce ba su yi masa komai ba. Ta ce ta ji abin da marasa tarbiyya suka yi, kuma ta riga ta kai ƙarar na unguwar wurin iyayensu da wurin fasto. Ta ce lokacin da gari ke cin wuta bai gudu ba, sai yanzu saboda 'yan iska. Ta ƙi karɓar mukullin. Ta ce in ɗauki keken in yana buƙata, amma shagon ba za ta ba kowa ba, in gaya masa ita da kanta za ta riƙa tsayawa a bakin gada tana tarbarsa in abin ya kai haka. Matan layin suka fito suna kallo ana ɗora keken a mota, wata na tambaya wa zai ɗinka musu kayan Kirsimeti.

Na kai masa kayan, na ajiye mukullin a gabansa, na faɗa masa saƙon Mama kalma da kalma. Yana zaune a zaure yana shafa kan keken, yana duba ko an fasa masa wani abu a hanya. Sannan ya turo mini mukullin.

"Ka mayar mata. Ka ce na gode, Allah ya saka mata. Ka ce mata ƙafa ce ta matsa mini, ba na iya doguwar tafiya."

Tunda nake ban taɓa jin ya yi wa kowa ƙarya ba, balle ya aiki wani da ita. Aka kira la'asar, ya miƙe ya ɗauki buta. Na bi shi da ido har ya shiga masallacin ƙarshen layi, ƙafarsa lafiya lau.